Koma Bayan Ƙungiyoyin 'Yan'uwantaka na Turai da Amurka

Ƙungiyoyin 'yan'uwantaka ƙungiyoyi ne, galibi na maza zalla, da ake shigarsu da rantsuwa da wasu al'adu na sirri, 'ya'yansu kuma suna kiran juna ɗan'uwa. Mafi shahara a cikinsu ita ce Freemason, wadda littattafan Larabci ke kira Masuniyya. An kafa babbar majalisarta ta farko a Landan a 1717, lokacin da rassa huɗu suka haɗu a wata mashaya. A Amurka akwai Odd Fellows da ta fara a Baltimo a 1819, da Elks ta 1868, da Knights of Columbus ta mabiya Katolika ta 1882. A yau yawancinsu na fama da ƙarancin mutane da tsufan waɗanda suka rage, ga kuma 'yan damfara da ke cin abinci da sunansu a intanet.

Raguwar mambobi

A 1959 'yan Freemason a Amurka sun haura miliyan 4, adadi mafi yawa a tarihinsu. Yanzu ba su kai miliyan 1 ba, alhali jama'ar ƙasar sun kusa ninkawa.

Tushen matsalar ya girmi intanet nesa ba kusa ba. A ƙarni na 19, leburan masana'anta da ya kwanta ciwo ba shi da madogara. Ƙungiyoyi irin su Odd Fellows su ke ba shi na cefane har ya warke, in ya rasu su yi masa jana'iza, su tallafi matarsa da marayunsa. Tamkar adashe ne da aka yi wa ado da rantsuwa da tufafin biki. Da gwamnatoci suka karɓi wannan aiki, Birtaniya da dokar inshora ta 1911, Amurka da dokar tallafin tsofaffi da marasa aiki ta 1935, sai babban dalilin shiga ya kau. Abin da ya rage shi ne zumunci da ayyukan jinƙai, sai talabijin da ƙaura zuwa unguwannin bayan gari suka cinye daren da magidanci ke zuwa taro. Matasan shekarun 1960 kuwa ba su ga abin sha'awa a ƙungiyoyin iyayensu ba.

Su ma ƙungiyoyin suna da nasu laifin. Elks ba ta cire sharaɗin zama farar fata ba sai a 1973, ba ta karɓi mata ba sai a 1995. Tsofaffin da ke riƙe da rassa kan cika taro da karanta bayanin zaman baya da lissafin kuɗin wuta, sabon shiga ya zo sau biyu ya ɗauke ƙafa. Manyan gine-ginen da aka gina lokacin yalwa sun zama kaya. Ginin Freemason na Ditroit, wanda ya fi kowanne girma a duniya, saura ƙiris a ƙwace shi a 2013 saboda bashin haraji, sai da wani mawaƙi ɗan garin ya biya dala 142,000.

Damfarar intanet

Abin mamaki, suna ƙarewa a zahiri amma sunansu na ƙara tashe. A Facebook da WhatsApp da TikTok ana buɗe shafuka da tambarin Freemason, wato kusurwar magina da kamfas, a liƙa hoton wani dattijo Bature sanye da kayan taro, a ce shi ne babban shugaba. Saƙon kusan ɗaya ne kullum: shiga ka samu kuɗi da mota da suna. Wanda ya amsa sai a turo masa fom, a nemi hotonsa da katin shaidarsa, sannan kuɗin rajista. Ya biya, sai a ce saura kuɗin zobe da riga, daga nan kuɗin aiko da kaya. Ranar da ya gaza, ko dai a toshe lambarsa, ko a tsorata shi da cewa ya riga ya yi rantsuwa. Da yawa kan yi shiru, don kunyar a ji sun nemi shiga ƙungiyar asiri.

Sau tari ana gwama sunan da Illuminati, ƙungiyar da Adam Weishaupt ya kafa a Bavariya a 1776, wadda hukuma ta murƙushe cikin shekaru goma. Babu wani reshenta na gaskiya a yau.

Manyan majalisun Freemason sun sha gargaɗi cewa ba sa ɗaukar mutum ta intanet, ba sa kuma raba dukiya. A ƙa'idarsu mutum shi ke nema da kansa, 'yan reshe su gana da shi ido da ido, sannan a jefa ƙuri'a a asirce. Mamba shi ke biyan kuɗin shekara. Sai dai shekaru ɗaruruwa na rufa-rufa su suka share wa ɗan damfara hanya, tunda wanda bai san yadda ake shiga ba zai yarda da duk abin da aka faɗa masa.

Zargi da matsayin addini

Fafaroma Clement na 12 ya haramta wa Katolika shiga Freemason a 1738, fadar Vatican ta sake jaddada hakan a 1983 da 2023. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta yanke wa Musulmi irin wannan hukunci a 1978. A Italiya, badaƙalar wani reshen Freemason na ɓoye mai suna P2, ƙarƙashin jagorancin Licio Gelli, a 1981, inda aka gano sunaye 962 har da ministoci da janar-janar, ta kayar da gwamnati. A Najeriya sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 bai ba kowa 'yancin shiga ƙungiyar asiri ba.

Yunƙurin farfaɗowa

Babbar majalisar Freemason ta Ingila ta fara neman ɗaliban jami'a a 2005, a 2018 kuma ta sayi shafukan jaridu tana kukan ana ɓata wa 'ya'yanta suna. A wasu jihohin Amurka ana ba da matakai uku na zama cikakken ɗan Freemason a rana guda maimakon watanni, abin da masu ra'ayin riƙau ke ganin ya zubar da ƙimar abin. Rassa da dama sun haɗe da juna, wasu sun sayar da gine-ginensu an mayar da su otal ko gidajen haya.