Me Ya Sa Haihuwa Ke Kashe Mata a Wata Ƙasa, a Wata Kuma Ba Ta Yi?

Wane alkawari aka ɗauka, kuma wa ya ɗauka?

A watan Satumba na 2015 ƙasashe 193 na Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da muradun ci gaba mai ɗorewa guda 17, da nufin cim musu kafin ƙarshen 2030. Na uku shi ne na lafiya, kuma abu na farko a ƙarƙashinsa shi ne rage mutuwar mata a sanadin ciki da haihuwa zuwa ƙasa da 70 cikin kowace haihuwa 100,000. Alkawari ne dai, ba doka ba. Ƙasar da ta gaza babu kotun da za a kai ta.

Yaya girman tazarar take?

Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna mata kusan 260,000 ne suka rasu ta wannan hanya a 2023, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari a Afirka kudu da Sahara suke. A ƙasashe masu arziki, mata wajen 10 ke mutuwa cikin haihuwa 100,000. A Najeriya adadin ya doshi 1,000, har ta kai fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na duk waɗanda suka rasu a duniya a shekarar 'yan Najeriya ne. A duniya baki ɗaya an samu ragi, gaskiya ne, kusan kashi 40 cikin ɗari daga 2000 zuwa 2023. Sai dai tun wajen 2016 tafiyar ta koma ta hawainiya.

Shin wata cuta ce da ba a gano maganinta ba?

Ko kusa. Abin da ke ɗaukar matan sananne ne: zubar jini bayan haihuwa, jijjiga da hawan jini ke jawowa, zazzaɓin da ke biyo bayan shigar ƙwayoyin cuta, da doguwar naƙuda, wadda in ba ta kashe ba takan bar mace da yoyon fitsari. Kowanne da maganinsa, mai araha kuma. Allurar oksitosin na tsayar da jini, amma tana son sanyi, to ina amfaninta a asibitin da firij ɗinsa ya yi wata ba wuta?

Masana sukan yi maganar jinkiri uku. Na farko a gida ake yinsa: ana jiran maigida ya dawo ya ba da izini, ko ana cewa a ɗan ƙara haƙuri, ko kunyar haihuwar fari ta hana yarinya faɗin halin da take ciki. Na biyu a hanya ne, babu mota, ko gada ta karye da damina. Na uku shi ne mafi ciwo a ganina, domin matar ta yi duk abin da aka ce ta yi, ta iso asibiti, sai a tarar babu ungozoma a bakin aiki, babu jini a ajiye, ko a ce sai an biya kafin a taɓa ta.

To talauci ne ke nan kawai?

Yana ciki, amma ba shi kaɗai ba. Siri Lanka ba ta cikin manyan masu kuɗi, amma ta daɗe da rage mutuwar matanta ƙwarai ta hanyar horar da ungozomomi da baza su ƙauyuka, da kula da masu ciki kyauta. Shugabannin Afirka kuwa sun zauna a Abuja a 2001 suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya. Ƙalilan ne suka taɓa cikawa, kuma mai masaukin baƙin ba ta cikinsu. Dogaro da tallafin waje ma ya nuna aibinsa a 2025, da Amurka ta datse yawancin agajin da take bayarwa.

Akwai abin da ke aiki a irin asibitocinmu?

Akwai. Wani gwaji mai suna E-MOTIVE, da aka yi a asibitoci 80 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, aka fitar da sakamakonsa a 2023, ya yi amfani da wata leda mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mai haihuwa don a ga ainihin jinin da ta zubar maimakon kintace da ido. Da ya kai iyaka sai a haɗa duk matakan ceto lokaci guda. Mummunar zubar jini da abin da take jawowa suka ragu da kusan kashi 60 cikin ɗari. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero Kano na cikin jagororin aikin.

Za a cika alkawarin kafin 2030?

Da wuya. Matsakaicin adadin duniya a 2023 yana kan 197 cikin haihuwa 100,000, ana neman ƙasa da 70, kuma shekarun da suka rage ba su da yawa. Ko da an matso, lissafin ƙasa gaba ɗaya yakan ɓoye bambancin da ke cikinta: matar da ke Legas da wadda ke ƙauyen Zamfara ko Yobe lamba ɗaya ake rubuta musu a rahoto, alhali nisansu da ɗakin tiyata ba ɗaya ba ne.