Sanyin da ya shiga tsakaninmu da sanin magani

Muhawara ta yi zafi a 'yan shekarun nan kan ko kwamfuta za ta iya hasashen yadda ƙananan ƙwayoyin sinadarin magani za su jeru idan sun daskare sun zama kiristal, wato ƙwaya mai tsari irin ta gishiri. Wasu na murna, wasu na cewa a bi a hankali. Ni dai a ganina batun ya girmi kwamfutar.

Tun a 1832 masanan sinadarai na Jamus, Wöhler da Liebig, suka lura cewa sinadarin benzamid na daskarewa a siffa biyu. A 1998 kuma maganin ƙanjamau na ritonabir ya fito da sabuwar siffa mai wuyar narkewa, har aka janye kafso ɗinsa daga kasuwa. Wannan kowa ya sani.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne 1986, shekarar da aka bayyana wata na'ura a Ingila mai hura iskar naitrojin mai sanyi a kan ɗan kiristal yayin da ake haska shi da eksire don gano tsarin ƙwayoyin da ke cikinsa. Kiristal ɗin ƙwaya ce da ba ta kai ta gishiri ba, a liƙe a bakin siririn tsinke, iska mai sanyin digiri 173 ƙasa da sifili na kwarara a kanta. Sanyi yana rage rawar ƙwayoyin zarra, hoto ya fito tas. Alheri ne babba, ba na musu. Sannu a hankali sai auna tsari cikin sanyi ya zama al'ada, kuma rumbun bayanan tsarin kiristal na Kambirij a Ingila, wanda ya haura tsari miliyan ɗaya a 2019, ya tara ɗimbin irinsu.

To amma sanyi yakan canza abin da ake aunawa. Dubi sinadarin adamanten: a yanayin ɗaki ƙwayoyinsa ba su da takamaimiyar fuskanta, amma da ya sauka ƙasa da kimanin digiri 65 ƙasa da sifili sai su tsaya cak, tsarin ya koma wani daban. Lissafin kwamfuta kuwa galibi yakan fara ne da ɗauka cewa babu zafi ko kaɗan, alhali bambancin ƙarfi tsakanin siffofi biyu sau da yawa ɗan ƙanƙane ne, ɗumi kaɗan ya isa ya juya wadda ta fi kafuwa.

Abin da ke damuna shi ne maganin da majinyaci ke sha a ɗumin ɗaki yake zaune, wani lokaci wata da watanni, kuma halinsa a wannan ɗumin ne ya kamata mu fi sani.