Waiwaye: Yadda lambar casis ta zama shaidar mota

Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa sayen mota a Kano ko Kaduna ya san abin da bakanike mai hankali yake fara yi. Kafin ya tayar da inji, sai ya leƙa ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ya goge ƙura da babban yatsa, ya karanto wasu haruffa da lambobi. Ya buɗe ƙofar direba, ya duba takardar da ke manne a jikin ƙarfen da ƙofar ke rufewa a kai, sannan ya juyo ya ce wa dillali, "Alhaji, miƙo takardun kwastan." Lambar casis ke nan yake bi, wadda a takardu ake rubuta VIN.

Asalinta daga Amurka ne. Tun shekarar 1954 kamfanonin motoci na can suka fara buga wa kowace mota lamba tata, amma kowa da salonsa: ta wani gajera, ta wani doguwa, wani ya buga a jikin inji, wani a gindin ƙofa. Ɓarayi sun ji daɗin wannan ruɗani, domin ɗan sanda ba zai iya haddace tsarin kowane kamfani ba. Daga 1969 aka wajabta a sa lambar inda za a iya karanta ta daga waje ta cikin gilashi, dalilin da ya sa har gobe can ake fara dubawa. Sai a 1981 hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka, NHTSA, ta tsayar da tsari guda: gurbi 17, ba ƙari ba ragi, kuma aka cire haruffan I da O da Q don kada a rikita su da 1 da 0.

A ganina, nan ne hikimar take. Gurbi uku na farko suna faɗin ƙasa da kamfani: J ta Japan ce, W ta Jamus, K ta Koriya, 1 da 4 da 5 na Amurka, 2 ta Kanada. Fijo ƙirar Faransa da VF3 take farawa. A motocin da aka yi wa kasuwar Amurka, gurbi na tara lissafi ne da ake fitarwa daga sauran, saboda haka wanda ya sauya harafi ɗaya, galibi lissafin zai tona masa asiri. Na goma kuwa shekarar mota ce: Y na nufin 2000, 1 zuwa 9 na nufin 2001 zuwa 2009, sannan a 2010 aka koma kan A. Dillali zai iya sauya fitilu da bamba ya ce mota 'yar 2012 ce, amma gurbi na goma yana nan yana ƙaryata shi. Sai dai motocin da Japan ta ƙera don amfanin cikin gida lambarsu ta fi gajarta, kuma wannan ba alamar sata ba ce.

Mu nan lambar ta daɗe tana zaman abin cike takarda kawai, duk da cewa yawancin motocin da ke titunanmu tokumbo ne, waɗanda tarihinsu ke rubuce a wata ƙasa. Da wannan lambar ake gano motar da ta yi mummunan hatsari, ko wadda ambaliya ta shanye, irin waɗanda guguwar Katrina ta bari a 2005, aka wanke su aka sake sa su a kasuwa.

Abin ya sauya a farkon 2022, lokacin da Hukumar Kwastan ta Najeriya ta fara ƙiyasta harajin mota da lambar casis, maimakon ciniki tsakanin jami'i da ejan. Ejan-ejan a tashoshin jiragen ruwa na Legas suka ce kuɗin ya yi tashin gwauron zabi, suka dakatar da aiki, motoci suka yi cunkoso. Hukumar ta jingine tsarin na ɗan lokaci, ta yi gyara, ta dawo da shi cikin shekarar.

Tun da lambar ta zama kuɗi, masu son zuciya ma suka ƙara mata ido. Shi ya sa bakaniken nan ba ya tsayawa kan ta gilashi. Yakan buɗe bonet, ko ya ɗaga kafet a ƙarƙashin kujerar gaba inda wasu motocin Toyota ke da ita a buge, ya shafa wurin da tafin hannu yana neman tabon walda ko sabon fenti.