Me Ake Nufi da "Ɗalibi Ya Koya da Kansa"?

Tun da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, aka koma ba da darussa ta rediyo da talabijin, maganar "ɗalibi ya koya da kansa" ta zama ruwan dare a bakin jami'an ilimi da masu sharhi, musamman idan sakamakon WAEC ko NECO ya fito aka ga yadda Turanci ya kayar da yara. Yadda ake furta ta, sai mutum ya ɗauka ma'anarta a miƙa wa yaro waya da data a juya masa baya, har wasu ma suna fakewa da ita don rufe matsalar ƙarancin malamai.

Henri Holec, masanin koyar da harsuna a Faransa, wanda bayaninsa na 1981 ya fi yaɗuwa, cewa ya yi abin nufi shi ne ɗalibi ya iya riƙe ragamar karatunsa. Iyawa kuwa koya ta ake yi. Ginshiƙinta shi ne abin da John Flavell, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya yi bayani a shekarun 1970, wato mutum ya riƙa sa ido kan tunaninsa: ya tsara abin da zai koya, ya lura ko yana fahimta yayin da yake ciki, sannan ya auna kansa bayan ya gama.

A ɗauki ɗalibar aji biyu na babbar sakandare da malami ya mayar wa takardar insha'in Turanci cike da jan biro. Yawancin yara makin kawai suke dubawa su cusa takardar a jaka. Ita kuwa sai ta jera takardunta uku na baya, ta gano cewa kuskuren nata kusan iri ɗaya ne: tana fara labari da aikatau na lokacin da ya wuce, kafin sakin layi na biyu ta zame ta koma na yanzu. Ta rubuta wannan a bayan littafinta, ta ƙudurta cewa duk insha'in da za ta miƙa sai ta sake bin sa tana duba aikatau kaɗai. Idan kuma ta karanta nassin gwajin fahimta, ba ta yarda da jin nan na "ai na gane" ba, domin shi ne ya fi komai yaudarar ɗalibi. Takan rufe littafin ta faɗi abin da ta karanta da kalmominta, inda ta cije nan ne ba ta gane ba. Almajirin da ke kife allo ya gwada haddarsa kafin ya je biyawa gaban malam ya daɗe da sanin wannan dabara.

A ganina, wannan tsari ƙara wa malami aiki yake yi. Dole ne ya tsaya gaban allo ya karanta nassi yana bayyana tunaninsa a fili, ya nuna inda shi ma ya tsaya ya koma baya, da yadda ya hasaso ma'anar baƙuwar kalma daga kalmomin da ke kewaye da ita kafin ya buɗe ƙamus. Dole ne kuma gyaransa ya faɗi irin kuskuren, domin jan layi kawai ba ya gaya wa yaro komai, kuma yin haka a ajin da ya cika maƙil yana buƙatar lokacin da jadawalin makarantun gwamnati da yawa bai tanada ba.