Mene Ne "Linkis" a Wasan Golf? Ku San Shi Kafin Ku Zaɓi Fili a Ƙasar Waje

Duk lokacin da abokai suka zauna tsara tafiyar buga golf a ƙasar waje, akwai kalmar da ba ta daɗewa ba ta faɗo cikin hirar ba. Wani zai turo hoton fili a bakin teku ya ce, "Jama'a, wannan linkis ne fa, dole mu buga shi." Kowa ya ce to. In ka ja ɗaya daga cikinsu gefe ka tambaye shi abin da kalmar take nufi, sai ya ce ai fili ne na manya mai tsada, ko kuma fili ne da ake hango ruwa daga cikinsa. Duka biyun ba su sauka a kan ma'anar ba. Kuma rashin sanin yana da tsada, domin mutum zai iya tara kuɗin shekara guda ya je ya tarar da wasan da bai shirya masa ba.

A takardun tallar filaye za ka ga an rubuta ta links. Ba ta da wata alaƙa da linkin da ake latsawa a waya. Tsohuwar kalma ce ta mutanen Sikotland, tushenta hlinc a tsohon Turanci, wato tudu ko ƙasa mai hawa da sauka. Suna ne na wata irin ƙasa, tun kafin a fara buga ƙwallo a kanta: zirin yashin nan da ke tsakanin gaɓar teku da gonaki, wanda iska ta yi dubban shekaru tana tarawa har ya zama tuddai, siririyar ciyawa mai jure gishiri ta kama shi. Garma ba ta da abin yi a wurin, don hatsi ba ya yin kirki. Sai aka bar shi ga tumaki da zomaye da mutanen gari, masu shanya da masu shan iska. A irin wannan yasasshiyar ƙasa golf ya girma.

Ya kuma girma da wuri. A 1457 majalisar Sarki James na Biyu ta hana wasan a Sikotland, saboda yana ɗauke hankalin maza daga koyon harbin baka. A 1552 wata takarda ta Akbishop John Hamilton ta tabbatar wa mutanen garin St Andrews haƙƙinsu na buga golf a kan linkis ɗin garin. A wannan filin ne dai, a 1764, aka rage ramuka daga 22 zuwa 18, adadin da duniya ta ɗauka daga baya. Gasar Open, wadda ta fi duk manyan gasannin golf tsufa, an fara ta a filin Prestwick na Sikotland a 1860, kuma har yau a kan linkis kaɗai ake buga ta.

To mene ne ruwan mai tafiya da wannan tarihi? Ruwansa shi ne ƙasar da ke ƙarƙashin takalminsa. Yashi ba ya riƙe ruwa. A yi ruwan sama da safe, kafin rana ta take wurin ya tsane, ƙasa ta koma tauri kamar daɓe. Wanda ya saba da fili mai laushi ya saba ya ɗaga ƙwallo sama ta sauka kusa da tuta ta tsaya cak. A linkis in ka yi haka, ƙwallon za ta sauka inda ka nufa ɗin, ta yi tsalle, ta gangara ta wuce girin ɗin gaba ɗaya, wato shimfiɗaɗɗen dandalin nan mai gajeriyar ciyawa inda ramin yake. Abin da ake so shi ne ka saukar da ita taku ashirin ko talatin kafin wurin, ka bar ƙasa ta ƙarasa maka aikin. Za ka ga tsofaffin 'yan garin suna zaro fota, sandar da aka saba amfani da ita a kan girin kawai, tun suna nesa da shi, su mirgino ƙwallo ta bi tudu da kwari har ta kwanta kusa da rami. Wasan ƙasa ne, kuma ido ya fi ƙarfin damtse amfani a cikinsa.

Sai iska. Babu bishiyoyin da za su tare ta, daga teku take tasowa kai tsaye. Rami na 8 a filin Royal Troon na Sikotland yadi 123 ne kacal, amma 'yan wasa kan ce sandar da za ka ɗauka a wurin iska ce take zaɓa maka: yau gajeriya, gobe wadda ka saba bugun nesa da ita. Tsofaffin filayen linkis da yawa kuma a miƙe aka shimfiɗa su, ramuka tara suna nesanta da gidan kulob, tara suna dawowa. Ke nan in iska ta tura ka a tafiya, a dawowa ƙirjinka za ta daka har ka gama. Akwai hikima a yadda Tiger Woods ya ci Open a Royal Liverpool a 2006, lokacin da zafi ya ƙone filin ya koma ruwan ƙasa: a cikin ramuka 72 sau ɗaya tak ya taɓa babbar sandarsa ta bugun nesa. Ya zaɓi ya riƙa ajiye ƙwallo a inda ramukan yashi ba za su same ta ba.

Waɗannan ramukan yashin su ne abin da baƙo ba ya mantawa. Ƙanana ne masu zurfi kamar tukunya, an gina bangon gabansu da yankakkiyar ciyawa, layi bisa layi kamar jerin tubali. Ana cewa asalinsu wuraren da tumaki ke fakewa iska ne har suka rarake. Na taɓa tsayawa a bakin ɗaya, abokin tafiyarmu yana ciki, hularsa kawai nake gani. Ya buga sau biyu, ƙwallo tana dukan bango tana dawowa gaban ƙafarsa, yashi yana zubo masa a wuya. Kadi ɗinmu, dattijon da ke ɗauke masa jakar sanduna, ya matso a hankali ya nuna masa baya da yatsa. Abokina ya ɗaga kai ya dube ni ya ce, "Malam, wai baya zan buga?" Na ce masa, "Alhaji, bi maganarsa, shi ya san wurin." Ya juya wa tuta baya, ya fitar da ita da bugu ɗaya, muka ci gaba. A linkis komawa baya ba abin kunya ba ne, ƙwararru ma suna yi.

Yanzu ga inda ake ruɗar masu tafiya. Sunan ya yi farin jini, don haka filaye da yawa suna liƙa shi a jikinsu. Pebble Beach Golf Links da ke Kalifoniya a Amurka, wanda aka buɗe a 1919, yana cikin filaye mafi kyau a duniya, ba mai musun haka, amma a kan gaɓar duwatsu yake, ƙasarsa ba yashin tuddai ba ce, kuma masana ba sa lissafa shi cikin linkis na asali. Wasu kuma za su rubuta "mai salon linkis", alhali tsakaninsu da teku tafiyar yini ce: an sare bishiyoyi, an tara tuddai da katafila, amma ƙasar laka ce mai riƙe ruwa, ƙwallo ba ta gudu. Filayen golf a duniya sun haura 38,000, amma waɗanda suka zauna suka ƙirga linkis na gaskiya ba su kai su 300 ba, kuma galibinsu a Birtaniya da Ayaland suke. A wajen nan akwai 'yan tsiraru da ake girmamawa: Bandon Dunes a jihar Oregon, Cabot Links a Nova Scotia ta Kanada, Barnbougle Dunes a tsibirin Tasmaniya na Ostareliya, Kennemer a Holan, da Humewood a Afirka ta Kudu. Tambaya ɗaya ta isa ta warware maka: a kan wace irin ƙasa filin yake? In yashin tuddan bakin teku ne, linkis ne.

Kishiyarsa shi ne fakland, filin cikin ƙasa mai bishiyoyi da tafkuna da koriyar ciyawa mai laushi, irin Augusta National inda ake gasar Masters kowane watan Afrilu. Yawancin filayen otal-otal na Algarve a Fotugal, da Costa del Sol a Sifaniya, da Belek a Turkiyya sun fi kusa da wannan. Tsakanin biyun akwai hitland, fili mai ƙasar yashi amma nesa da teku, kamar Sunningdale da Walton Heath a kewayen Landan.

A ganina, babban kuskuren da abokai ke yi shi ne su bar gwanin cikinsu ya zaɓi filaye shi kaɗai. Shi burinsa ya gwada kansa a Carnoustie, linkis mai wuya a Sikotland, filin da ɗan wasan Faransa Jean van de Velde ya zo ramin ƙarshe a gasar Open ta 1999 yana buƙatar bugu shida ya ci kofi, ya yi bakwai, har da tuɓe takalmi ya shiga rafin Barry Burn. In wurin ya yi wa ƙwararre haka, ina ga wanda bai fi shekara biyu da fara riƙe sanda ba? Zai zubar da ƙwallo goma cikin doguwar ciyawa da ƙayar gos mai furen rawaya, ya riƙa jin yana ɓata wa kowa lokaci, ya koma masauki rai a ɓace. Tafiyar abokai ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A duba mafi rauni a cikin tawaga, a duba mafi shekaru, sannan a zaɓa.

Maganar shekaru ba ƙarama ba ce, saboda linkis da ƙafa ake bin sa. Filaye da yawa ba sa ba da ƙaramar motar nan ta cikin fili sai ga wanda ya kawo takardar likita. Ramuka 18 tafiyar sa'a huɗu ce ko fiye, a kan tuddai, cikin iska, wani lokaci da yayyafi mai sanyi a fuska. Mai ciwon gwiwa ya san da wannan tun yana gida. Kuɗin kadi kuwa kada a yi ƙyashinsa a ranar farko. Akwai ramukan da ba ka ganin inda ƙwallo za ta sauka, tudu ya tare, sai dai a ce maka nufi wancan farin dutsen. Kadi ɗaya ma ya isa ya yi wa mutum huɗu jagora in an roƙa tun da wuri.

Akwai kuma dabarar lissafi da ke ceton zumunci. Ku buga da tsarin Stableford, inda ake tara maki a kowane rami, in ramin ya ƙi ka sai ka ɗauki ƙwallonka ka wuce ba tare da ya rusa maka yinin duka ba. Likita Frank Stableford ne ya tsara shi, kuma an fara gasa da shi a 1932 a Wallasey, wani linkis mai iska kusa da Liverpool. In aka haɗa shi da handikaf, wato rangwamen bugu da ake ba kowa gwargwadon iyawarsa, sai ka ga ɗan koyo ya kayar da gwani, a yi ta raha a hanyar komawa.

Shawarata ga tafiyar mako guda: sanannen fili ɗaya ko biyu, a ajiye su ƙarshen mako lokacin da hannu ya saba, sauran kwanakin a buga ƙananan linkis na garuruwa, masu sauƙin kuɗi da sauƙin samun lokaci. Sau da yawa a can daɗin yake. Brora da ke arewacin Sikotland an daɗe da saninsa da tumaki da shanu masu kiwo a tsakiyar fili, har aka kewaye kowane girin da wayar lantarki. Lahinch a yammacin Ayaland da awakinsa aka san shi, waɗanda ake cewa in sun matso gidan kulob to hadari na tafe. A North Berwick na Sikotland akwai ramin da sai ka tsallakar da ƙwallo ta kan tsohuwar katangar dutse kafin ta hau girin. In kuma a watan Yuni kuka je Sikotland, gari ba ya duhu sai bayan ƙarfe goma na dare, ana iya buga zagaye biyu a yini.

Kada kuma wanda bai ji daɗin ranar farko ba ya yanke hukunci. Shahararren ɗan wasan Amurka Bobby Jones, yana ɗan shekara 19 a gasar Open ta 1921, ya fusata da tsohon filin St Andrews har ya ɗauke ƙwallonsa a rami na 11 a zagaye na uku, wato ya fitar da kansa daga gasar. Ya dawo ya ci Open a wurin a 1927, ya ƙaunaci filin iyakar ƙauna, kuma a 1958 garin ya karrama shi da 'yancin zama ɗan gari.

Shi wannan tsohon filin, Old Course, na jama'a ne, kowa na iya nema, amma da ƙa'idoji. Ana buƙatar shaidar handikaf da bai wuce 36 ba, don haka kowa ya taho da tasa. Wanda bai kama lokaci tun watanni kafin tafiya ba sai ya shiga ƙuri'a, wadda ake fitarwa kwana biyu kafin ranar wasa, mutum biyu zuwa huɗu a takarda ɗaya. Ku shida ne ko takwas? Sai ku rabu gida biyu, ku kuma yi magana tun farko a kan abin da za a yi in rabi sun samu rabi ba su samu ba, kada abin ya zama ɓacin rai. Waɗanda ƙuri'a ba ta faɗa kansu ba, ga New Course nan jingine da shi, an buɗe shi tun 1895, ƙasa ɗaya, iska ɗaya. Ranar Lahadi kuwa ba a wasa a Old Course sai in akwai babbar gasa. Filin yakan koma wurin shan iska na mutanen gari, da yara da karnuka, kuma ku ma kuna iya takawa daga ramin farko har na ƙarshe ba ku biya ko kwabo ba, ku leƙa ramin yashin da ke gaban girin na 17, ku tsaya a kan 'yar gadar dutse ta Swilcan a ɗauke ku hoto gaba ɗayanku.