Waiwaye: Ƙananan lauyoyi da ƙofar Guantanamo

A ƙarshen daminar 2004 wata matashiyar lauya, Gitanjali Gutierrez, ta sauka a sansanin sojin ruwan Amurka da ke Guantanamo a tsibirin Kyuba. Ba ta daɗe da kammala karatun lauya ba, amma ita ce lauya farar hula ta farko da aka bari ta zauna da fursunonin wurin domin shari'ar neman a sake su. A lokacin an yi shekara biyu da rabi ana tsare da ɗaruruwan mutane, gwamnati ba ta ko fitar da sunayensu ba. Mutane ashirin na farko an sauke su ne ranar 11 ga Janairun 2002, cikin tufafi ruwan lemo, ido a rufe. Daga ƙarshe adadin waɗanda suka ratsa gidan ya kai kimanin 780, kusan dukkansu Musulmi.

Ba kwatsam aka zaɓi wurin ba. Amurka tana riƙe da filin ne bisa hayar da aka ƙulla tun 1903, wadda ta bar wa Kyuba mallaka a takarda, ta bar wa Amurka iko a aikace. Lauyoyin gwamnatin Bush suka ce tunda ba ƙasar Amurka ba ce, hannun alƙalan Amurka ba ya kaiwa can. Abin da suke gudu shi ne wani tsohon umarnin kotu da aka gada daga Ingila, wanda ke tilasta wa duk mai tsare da mutum ya kawo shi gaban alƙali ya faɗi dalili. Idan babu dalili, a sake shi.

Wanda ya san tarihin Amurka ya san ba yau aka fara ba. A Fabrairun 1942 Shugaba Roosevelt ya sa hannu a umarni mai lamba 9066, aka kwashe kimanin mutum 120,000 'yan asalin Japan zuwa sansanoni, akasarinsu haifaffun Amurka. Fred Korematsu ya ƙi tafiya, aka kama shi, kuma a 1944 Kotun Ƙoli ta bai wa gwamnati gaskiya da sunan tsaron ƙasa. Sai bayan kusan shekara arba'in aka tono takardun da suka nuna jami'ai sun ɓoye wa kotu rahotannin da ke cewa mutanen ba su da wani haɗari. Waɗanda suka sake ɗaukar shari'ar a 1983 matasan lauyoyi ne ƙarƙashin Dale Minami, da yawansu 'ya'yan waɗanda aka tsare ɗin, kuma ba su karɓi ko sisi ba. A Nuwamban shekarar mai shari'a Marilyn Hall Patel ta soke hukuncin da aka yi wa Korematsu.

Guantanamo kanta ta taɓa ganin irin wannan. Bayan juyin mulkin Haiti na 1991, an tare dubban masu gudun hijira a teku aka ajiye su a sansanin, aka ware masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau bayan waya mai ƙaya. Ɗaliban lauya na jami'ar Yale, da malaminsu Harold Koh da lauya Michael Ratner, su suka kai ƙara. Ɗaliban ba su ma da izinin tsayawa gaban alƙali, amma su ke kwana kan takardu, su ke zuwa sansanin ɗaukar bayani. A Yunin 1993 alƙali Sterling Johnson ya ba da umarnin a saki mutanen. A wannan watan dai Kotun Ƙoli ta kayar da su a ɗaya ɓangaren, na mayar da waɗanda aka tare a teku.

Shi ya sa da aka fara kai fursunoni a 2002, Ratner bai tsaya jira ba. Cibiyarsa ta kare haƙƙoƙin da tsarin mulki ya tanada, CCR, da ke New York, tare da lauyoyi Joseph Margulies da Clive Stafford Smith, sun shigar da ƙara a Fabrairu, ba su taɓa ganin waɗanda suke karewa ba. Iyaye ne suka sa hannu a madadin 'ya'yansu. Watanni biyar kacal bayan harin 11 ga Satumba ke nan, manyan lauyoyi da dama suka ja da baya, wasiƙun zagi suka yi ta zuwa. Sun faɗi a kotun farko, sun faɗi a ta ɗaukaka ƙara. Ranar 28 ga Yunin 2004, a wannan shari'ar da ake kira ta Rasul, alƙalai shida cikin tara na Kotun Ƙoli suka ce kotuna na da hurumi.

A nan ne aikin ƙananan ma'aikata ya fara, kuma a ganina shi ne ɓangaren da ya fi cancantar a tsaya a kai. Kafin lauya ya je, sai gwamnati ta bincike shi ta ba shi izinin ganin sirrin ƙasa. Ya hau ƙaramin jirgi daga Florida, ya kwana a ɓangare ɗaya na gaɓar ruwan, da safe ya shiga jirgin fito zuwa ɗaya ɓangaren. A ɗakin ganawa zai tarar da mutumin an ɗaure ƙafarsa da sarƙa a wani ƙarfe da ke kafe a ƙasa. Abu na farko ba maganar doka ba ce, neman yarda ne. Mutumin da ya shekara biyu masu tambayoyi na sauya masa fuska, me zai sa ya gaskata cewa wannan Ba'amurken lauyansa ne? Wasu lauyoyin sai da suka fara zuwa Yaman ko Bahrain suka ɗauko hoton uwa ko saƙon ɗan'uwa. Wasu suka riƙa zuwa da dabino da shayi da abincin gida. Da an tashi, duk abin da lauya ya rubuta a takarda ana ɗaukarsa sirri ne: a rufe a ambulan, a aika wani keɓaɓɓen ofishi kusa da Washington, can kaɗai zai iya karanta rubutun hannunsa har sai masu tacewa sun wanke shi. Wa ke da lokacin wannan zirga-zirgar? Galibi sabbin shiga ne, da ɗalibai, da tafintoci.

Ɗalibai ne ma suka ƙirga abin da ba wanda ya ƙirga. A Fabrairun 2006 Farfesa Mark Denbeaux na jami'ar Seton Hall da ɗalibansa suka bi takardun gwamnati kan fursunoni 517. Kashi 5 cikin ɗari kaɗai sojojin Amurka suka kama da hannunsu. Kashi 86 Pakistan ce ko dakarun ƙawancen arewacin Afghanistan suka miƙa su, a lokacin da ake rarraba takardun alƙawarin lada. Kashi 55 gwamnati ba ta ce sun kai wa Amurka ko ƙawayenta wani hari ba.

A shekarar ce aka yi shari'ar Salim Hamdan, direban Usama bin Laden. Lauyan da soja suka ba shi, Charles Swift na rundunar ruwa, an turo shi ne don ya shirya masa amsa laifi, ya ƙi. Ya haɗa kai da Neal Katyal, malamin jami'a ɗan shekara 36 wanda bai taɓa tsayawa gaban Kotun Ƙoli ba. Suka yi nasara da ƙuri'a biyar da uku, kotun ta rushe kotunan sojan da Bush ya kafa. Bayan nan aka tsallake Swift a ƙarin girma, dole ya bar aiki. A Janairun 2007 wani babban jami'in Pentagon, Cully Stimson, ya lissafa sunayen kamfanonin lauyoyin da ke kare fursunonin a rediyo yana zuga abokan cinikinsu su guje su. Surutu ya yi yawa har ya yi murabus.

Majalisa ta yi doka ta toshe wa fursunonin hanyar kai ƙara kotu, Kotun Ƙoli ta sake buɗewa a shari'ar Boumediene ranar 12 ga Yunin 2008, biyar da huɗu. Cikin waɗanda suka amfana har da ɗan maƙwabta. Muhammad al-Gharani ɗan Chadi ne da aka haifa a Saudiyya, aka kama shi a Pakistan yana ɗan shekara 14 a lissafin lauyoyinsa. An zarge shi da zama ɗan wani gungu a Landan a 1998, lokacin da bai wuce sha ɗaya ba. Lauyansa ya ba da labarin cewa kalmar "zalat", wadda yaron ya sani da nufin kayan lambu, tafinta ya fassara ta da kuɗi, aka yi ta tsare shi da tambayar inda ya samo su. A Janairun 2009 alƙali Richard Leon ya ce hujjar ba ta tsaya ba, a Yuni aka kai shi Chadi. Sami al-Hajj na Sudan, mai ɗaukar hoton Aljazeera, ya fita tun Mayun 2008 ba tare da an tuhume shi da komai ba.

Daga 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta Washington ta riƙa sassauta wa gwamnati mizanin hujja, nasarori a kotu suka ƙafe. Aikin ya koma neman ƙasar da za ta karɓi mutum, kamar yadda Ghana ta karɓi 'yan Yaman biyu a Janairun 2016. A 2013 kuma aka gano na'urorin sauraro masu kama da na gano hayaƙi a ɗakunan da lauyoyi ke ganawa da fursunoni. Waɗanda suka fara aikin suna sabbin kammala karatu yau sun yi furfura, wasunsu su ne malaman da ke tura nasu ɗaliban.

A Janairun 2025 saura mutum 15 a gidan. Wata guda bayan haka gwamnatin Trump ta fara kai baƙin haure sansanin, kuma cikin kwanaki ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU da CCR suka shigar da ƙara. Buƙatarsu ta farko ita ce a bar lauyoyi su gana da mutanen.