Jagorar yaro zuwa ga bangaskiya a gidajen Kirista

Jagorar yaro zuwa ga bangaskiya shine ƙoƙarin da uwa da uba Kirista ke yi don ɗansu ya kai inda zai gaskata da Yesu Almasihu da kansa, ba wai don an haife shi a gidan masu bi kawai ba. A majami'un da ake sujada da Hausa an fi cewa yaro ya "karɓi Yesu" ko ya "ba da ransa ga Yesu", wasu kuma su ce ya sami sabon rai. Ikilisiyoyi sun yarda cewa nauyin yana kan iyaye kafin fasto ko malamin makarantar Lahadi, amma fa kan yadda abin ke faruwa da shekarun da ya kamata, nan kam ba a taɓa zama ɗaya ba.

Tushe a Littafi Mai Tsarki

Ayoyin da aka fi jawowa ba su da yawa. Akwai Maimaitawar Shari'a 6:6-7 inda aka umurci Isra'ilawa su riƙa koya wa 'ya'yansu dokokin Allah a zaune a gida da a kan hanya, da lokacin kwanciya da na tashi, sai Karin Magana 22:6 kan horon yaro tun yana ƙarami, sai Markus 10:14 inda Yesu ya tsawata wa almajiransa da suka hana a kawo masa yara. Mata kuma sun fi riƙe 2 Timoti 1:5, don can ne Bulus ya ambaci kakar Timoti da mahaifiyarsa a matsayin waɗanda bangaskiyar ta fara zama a cikinsu.

Tarihi a ƙasar Hausa da kewaye

Abin da ba a cika lura da shi ba shine a farkon zuwan bishara arewacin Najeriya lamarin a juye yake, ba iyaye ne suka koya wa yara ba, yara ne suka fara ji a hannun Turawan mishan, iyayen suka biyo daga baya in ma sun biyo. Mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) ta fara ne a 1893 da mutum uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, biyun farko suka mutu ba a daɗe ba, sai a 1902 aka samu tashar da ta tsaya a Patigi. Mishan ta SUM (Sudan United Mission) ta Karl Kumm ta sauka Wase a 1904, kuma wajen 1909 ta buɗe gidan renon yaran da aka 'yanto daga bauta a Rumasha, yaran da yawancinsu ba a ma san inda iyayensu suke ba, to ka ga mishan ce uwa ita ce uba.

A Zariya, Dokta Walter Miller na CMS, mishan ta Angilikan, ya zauna cikin birni tun wajen 1905 yana karɓar yara maza a gidansa yana koya musu karatu. Kusan 1913 wasu daga cikin zuriyar Isawa, wato wasu Hausawa da suka fifita Annabi Isa a koyarwarsu, suka neme shi, aka kafa ƙauyen masu bi a Gimi, sai dai ciwon barci ya yi musu ɓarna sosai bayan 'yan shekaru, aka kwaso yaran da suka rage zuwa Zariya, daga nan kuma aka koma Wusasa wajen 1929. A Wusasa aka samu gidajen Hausawa Kirista inda uba da uwa duka masu bi ne kuma su ke tarbiyyar 'ya'yansu, daga cikin jama'ar nan ta masu bi aka samu su Dokta R.A.B. Dikko da Farfesa Ishaya Audu, shi ma Janar Yakubu Gowon can ya tashi, mahaifinsa ma'aikacin mishan ne.

Abin da ya sauya komi dai shine fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Da shi da littafin waƙoƙi na Hausa, magidanci a Kagoro ko Gindiri ko Numan ko Garkida, wanda Hausa ma ba harshen uwarsa ba ce, zai iya zaunar da iyalinsa da dare ya karanta musu ba sai Bature ko mai bishara ya zo ba. A Nijar ma haka, inda SIM ta fara a Damagaram a 1924 sannan Tsibiri kusa da Maradi. Da ikilisiyoyi suka tsaya da ƙafarsu, ECWA (ikilisiyar da ta fito daga SIM) a 1954 da TEKAN (tarayyar ikilisiyoyin da galibinsu suka fito daga SUM) a 1955, aikin yara ya dawo hannun 'yan ƙasa, Zumuntar Mata kuwa ta ɗauki kaso mai tsoka, don a taronta ne mata da yawa da ba su je boko ba suka haddace ayoyi da waƙoƙin da suke rera wa yara a baya.

Yadda ake yi a gida

Ginshiƙin abin shine sujadar iyali, da asuba ko bayan tuwon dare. A yi waƙa ɗaya ko biyu, uba ko uwa ya karanta 'yan ayoyi, a tambayi yara me suka ji, sai a sa ƙaramin ya yi addu'a ko da jimla biyu ce, yawanci ya gode don abinci ya roƙa wa baba da mama lafiya, wani lokaci ma barci ya kwashe shi kafin a ce amin. Ayar da kusan kowane yaro ke fara haddacewa ita ce Yohanna 3:16, sai Addu'ar Ubangiji da Zabura 23. Labaran Yusufu da 'yan'uwansa, Dauda da Goliyat, da yaro Sama'ila da ya ji ana kiransa da dare su ne aka fi ba su.

Iyayen da ke bin koyarwar ikilisiyoyin bishara sukan jira yaro ya fara tambaya da kansa, misali in an yi rasuwa a gida ya ce kaka ina ta tafi, ko in ya yi ƙarya aka kama shi ya ji nauyin abin, nan ne ake masa bayanin zunubi da gafara da mutuwar Yesu da tashinsa da kalmomin da zai gane, in ya nuna yana so sai a yi addu'a tare. Malaman aikin yara suna yawan gargaɗi kan tsoratar da yaro da wutar jahannama ko matsa masa ya maimaita addu'a, don yaro ɗan shekara 5 zai ce i ga duk abin da ya ga zai faranta wa uwarsa rai, kuma gaskiyarsu ce. Suna kuma cewa yaro ya fi kallon yadda uba ke yi wa uwarsa magana a kan abin da aka karanta masa.

Makarantar Lahadi da ƙungiyoyi

Makarantar Lahadi ta samo asali ne a Ingila wajen 1780 ta hannun Robert Raikes. A nan ita da 'yan Birged (ƙungiyar horon matasa ta coci) maza da mata ne ke tallafa wa iyaye.

Saɓanin ikilisiyoyi

Katolika da Angilikan da Lutheran suna yi wa jarirai baftisma, iyaye su ɗau alkawari a madadinsu, sai yaro ya girma ya tabbatar da bakinsa. A Katolika tun dokar Fafaroma Pius na 10 a 1910 yaro kan fara karɓar jibi, wato jibin Ubangiji, daga wajen shekara 7. ECWA da Baptist da EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya) kuwa miƙa jariri suke yi ga Allah a gaban jama'a, baftisma sai ya shiga aji ya ba da shaida da kansa, galibi bayan ya fara zama saurayi ko budurwa. Ko dole ne mutum ya san ranar da ya tuba, ko kuwa yaron gidan masu bi zai iya tashi cikin bangaskiya a hankali ba tare da wata rana takamaimai ba, har yanzu masana tauhidi ba su daidaita a kai ba.